Filin Tambaya da Amsa: "Malam, Wai Ni Ce Saddiƙa?"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wanga mako. Saƙonnin da sunka shigo mana wannan karo da yawansu abu guda suke zagayawa, wato marubuci ya ƙirƙiri mutum guda cikin labari ya riƙa dawo da shi yau da gobe, ya ɗora mishi damuwarshi da ra'ayinshi, har masu karatu su fara cewa ai wanga kai ne. Na zaɓo huɗu. Kamar kullum ba mu sa sunan kowa, unguwa kawai.

TAMBAYA, daga wata ɗiya a Mabera:

Salamu alaikum Malam ina wuni ya iyali. Don Allah shawara nika nema. Ina rubuta littafi ina sakawa a guruf na WhatsApp yanzu ina kan na ukku, to dukkansu akwai wata yarinya Saddiƙa, marainiya ce kamar ni, hannun gwaggonta ta tashi kamar ni, ta gama NCE tana zaune gida ba aiki kamar ni. Wallahi sanda na fara ban yi niyyar komi ba kawai dai in na sa ta magana sai in ji rubutun na gudu da kanshi. A na biyu na rubuta yadda gwaggon Saddiƙa ta saida gidan gadonsu ba ta ba ta ko sisi ba, ashe wata 'yar uwarmu tana cikin guruf ɗin ban sani ba, ta je ta karanta ma gwaggona, yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa, kawu ya kira ni ya ce na tona asirin gida. Na ce musu labari ne kawai sun ƙi yarda. Malam mi zan yi, in kashe Saddiƙa ko in bar rubutun baki ɗai? Kuma gaskiya maganar gidan ta faru amma ba daidai yadda na rubuta ba, na ɗan ƙara.

AMSA:

Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah shi jiƙan mahaifanki shi yi miki albarka. Kada ki kashe Saddiƙa kuma kada ki aje alƙalami. Amma zan faɗa miki abin da wataƙila ba shi kike son ji ba, maganar nan ta "labari ne kawai" ki daina faɗinta a gida, don ke da kanki kin rufe wasiƙarki da cewa abin ya faru, kuma gwaggo ta san ya faru, in kin ci gaba da faɗin haka sai ta ga bayan tonon asiri kuma kin raina mata wayau.

Saddiƙa mayafi ce da kinka yafa, ke kaɗai ta rufe. Ke kinka zaɓa mata suna, ke kinka zaɓi abin da za ta faɗa da wanda za ta ɓoye, in an taɓa ta kina da shafi goma na kare ta. Gwaggon cikin littafin fa? Ba ta da baki sai wanda kinka ba ta, kuma duk wanda ya san ki a Mabera ya san gwaggo guda ce ta riƙe ki, babu wata ta biyu da za a ce ko ita ake nufi. Wurin da ya fi damuna shi ne "na ɗan ƙara". Mai karatu ba ya da yadda zai yi ya tantance ina gaskiya ta tsaya ina ƙarin ya fara, tunda ya ga NCE gaskiya ne, maraici gaskiya ne, gidan gaskiya ne, to duk sauran ma sai ya haɗiye. Kin san hadisin nan da ke cikin Muslim, giba ita ce ka ambaci ɗan uwanka da abin da yake ƙi, in abin yana tare da shi ka yi gibarshi, in babu ka yi mishi ƙage. Canza ma mutum suna ba ya fidda ki daga wannan matuƙar mutane sun gane shi.

Kuma ba ke ce farau ba. Akwai wani marubuci a Amurka, Philip Roth, Bayahude ne ɗan garin Newark, ya rasu 2018. Yana da nashi irin Saddiƙar mai suna Nathan Zuckerman, shi ma marubuci, shi ma Bayahude ɗan Newark, ya dawo da shi cikin littattafai tara daga 1979 zuwa 2007. Shi Roth tun labaranshi na farko mutanenshi sunka yi mishi caa, har malaman addininsu, wai yana kunyata su gaban bare. To a littafin 1979 ɗin sai ya sa Zuckerman yana saurayi ya rubuta labari kan rigimar kuɗin gado ta danginsu, uban ya karanta ya ce wanga ba zai fita ba, zai sa a ce haka muke, har ya kai ƙara wurin wani alƙali mai mutunci a garin don ya ja mishi kunne. Kin ga kusan maganarki ce. Abin da ya sa na kawo shi, Roth bai maida uban mugu ko wawa ba, ya ba shi hujja mai nauyi da tsoro na gaske har mai karatu ya tsaya yana tunanin anya ba tsohon ne da gaskiya ba. A wurina nan gwanintar take.

Yanzu abin yi. Ki samu kawu ya raka ki ki je ki durƙusa ki ba gwaggo haƙuri, kada ki je da bayanin adabi, ki ce Gwaggo na yi kuskure da na kai maganarmu waje. Babin nan ki cire shi daga guruf ko ki sake rubuta shi. In kuma kina ganin akwai hakkinki a gidan nan da gaske, to wannan magana ce ta manyan dangi, in ta gagara akwai kotun shari'a da alƙalin da aikinshi ke nan rabon gado, 'yan guruf ba za su ƙwato miki ko taku guda ba sai dai su tura miki hoton kuka su wuce.

Sannan ita Saddiƙa. Daga yadda kinka kwatanta ta na lura kullum ita ake cuta, ita ce mai haƙuri, ita ce mai gaskiya. Wannan shi ne babban ramin da masu irin wanga rubutu ke faɗawa, mutum ya ƙirƙiri wakili don ya riƙa wanke kanshi yana shafa ma wasu baƙi. Amfanin Saddiƙa gare ki shi ne ki faɗi ta bakinta abin da ba ki iya faɗi game da KANKI, ranar da kinka yi hassadar ƙawarki da ta samu aiki, ranar da kinka yi ƙarya don a tausaya miki, ranar da anka yi miki alheri kinka kasa godiya. Ki bari ta sha kunya wani lokacin. Kuma ki rubuta babi guda daga ɓangaren gwaggon, ki nuna ta da asuba tana kwance ƙullin bakin zaninta tana ƙirga canjin fura ɗaya bayan ɗaya don kuɗin jarabawar yarinyar da ba ita ta haifa ba, mijinta na gefe yana mitar an tara mishi baki cikin gida. Ba na ce haka taki gwaggon ta yi ba, ke kinka sani, amma mutumin da ya riƙe maraya shekaru ba ya rasa nashi labarin. A littafi na gaba kuma ki ɗauke Saddiƙa daga Mabera, ki kai ta Wurno ko Gwadabawa, ki ba ta ɗinki ko aikin asibiti, ki ba ta 'yan uwan da ba ki da su. Zuciyar dai taki ce ki bar mata, adireshin ne za ki canza.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:

Malam barka da aiki. Muna gardama da abokina a hostel, shi ya ce wanga salo na marubuci ya yi wani jarumi da ke wakiltarshi yana maimaita shi duk na Turawa ne mu kwaikwaya muke, ni na ce a'a amma na rasa misali. Ko akwai shi a namu?

AMSA:

Ƙanena ka ci gardamar, kuma misalin ba ya da nisa da ku, yana nan zaurukan malamai cikin gari. Duk wanda ya yi nisa a karatun lugga a Sakkwato ya san Muƙama ta Hariri, mutumin Basra da ya rasu 1122. Muƙama hamsin ce, wato gajerun labarai na fasahar Larabci, kuma mutum biyu ne ke dawowa a cikinsu, mai ba da labari Harisu ɗan Hammamu da kuma gwanin baki Abu Zaidi mutumin Saruja. Kusan kullum haka take tafiya, Harisu ya sauka wani gari ya tarar da taro an kewaye wani tsoho ko makaho ko mai wa'azi yana zuba fasaha har mutane su yi kuka su kwance aljihu, sai daga baya ya duba da kyau ya ga ashe Abu Zaidi ne ya sake kama. Ibnu Khallikan, wanda ya rasu 1282, ya kawo a littafinshi na tarihin mutane cewa da Harisu ɗin nan Hariri kanshi yake nufi. Kuma shi ma Hariri ya gaji salon ne daga Hamazani wanda ya rasu 1008, mai Isa ɗan Hishamu da Abul Fatahi. Ka ga tun kafin a haifi kakannin waɗanda abokinka ke magana.

Ni dai a nawa karatun Hariri ya raba kanshi ne gida biyu, natsuwa da kunya ya ba Harisu, fasahar da yake alfahari da ita kuma ya ba Abu Zaidi, shi ya sa Harisu ke yi mishi faɗa kullum amma ya kasa rabuwa da shi.

A boko kuma ga Abubakar Imam. An haife shi a Kagara 1911, yana malamin makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutun 1933 da Ruwan Bagaja, kuma jarumin da ke ba da labarin da bakinshi sunanshi Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, ƙasar da Kagara ke ƙarƙashinta a lokacin. Sunanshi ya ba shi ƙarara. Amma duba abin da ya yi da shi, bai maida shi waliyyi ba, Alhaji Imam yana damfara ana damfararshi, shi da Malam Zurƙe kowa na haƙa ma ɗan uwanshi rami, yau ya ci gobe a ci shi. Saurayi ɗan shekara 22 ya yarda ya sa sunanshi kan mutumin da ake yi ma dariya. Sai dai gaskiya Alhaji Imam littafi guda ya yi, in mai dawowa kake nema to akun nan na Magana Jari Ce ya fi kusa, yana nan cikin littafi na ɗaya da na biyu da na ukku, ba ya da komi sai baki, da bakin nan ya zama waziri, a na ukku har yana koya ma ɗanshi yadda ake ba da labari. Wanga ra'ayina ne, amma duk sanda na karanta wurin muryar malamin makaranta nake ji.

Na Turawan ma ka riƙe ko biyu don gardama ta yi daɗi. Ernest Hemingway ɗan likita ne, ya yi yarintarshi yana zuwa dazukan Michigan, an ji mishi rauni a Italiya 1918 lokacin yaƙin duniya na ɗaya, to yana da Nick Adams, ɗan likita, ɗan Michigan, mai raunin Italiya, cikin gajerun labarai sama da ashirin da anka tattara wuri guda 1972 bayan rasuwarshi. Agatha Christie ta Ingila kuma tana da wata Ariadne Oliver, marubuciyar labaran bincike mai son cin tuffa, kullum tana ƙorafin ta gaji da jami'in binciken da ta ƙirƙira ɗan ƙasar Finlan alhali ba ta san komi kan Finlan ba, kowa kuma ya san ita Christie ta gaji da nata Poirot ɗan Beljiyam. Abin da ba ta iya faɗa ma masoyanta kai tsaye sai ta sa Oliver ta faɗa.

TAMBAYA, daga wani ɗan kabu-kabu a Arkilla:

Malam akwai wani da nika karanta labaranshi a Facebook, kullum jaruminshi guda ne kuma ɗan shaye-shaye ne mai bin mata, kuma da "ni" yake rubutawa, na yi kaza na yi kaza. To mutumen nan masallaci guda muke salla, wani lokaci har shi ka ba mu salla in liman bai nan. Zuciyata ta fara ƙin shi. Shin ba halinshi ba ne yake faɗi?

AMSA:

Ɗan uwa kada ka yanke ma mutum hukunci da labarin da ya ƙaga. Abin da ka gani da idonka shi ne yana zuwa masallaci, shi za ka riƙa. "Ni" ta cikin labari ba iƙirari ba ce gaban alƙali, kuma ko da jarumin na ɗauke da wani abu na marubucin, kai ba ka san wane ɓangare ba ne, wataƙila tsoronshi ne, wataƙila ƙanenshi ne da ƙwaya ta lalata yana gani ya kasa komi, irin wanga ciwo gida nawa ne babu shi yanzu. Abu Zaidin da na ambata a sama akwai muƙamar da Harisu ya bi sawunshi ya iske shi a gidan giya yana kashe kuɗin da ya karɓa da addu'a, kuma ɗaruruwan shekaru malamai na karantar da littafin babu wanda ya ce Hariri mashayi ne.

Abin da kake da hakkin dubawa shi ne rubutun kanshi. In yana nuna ɓarnar da abin da take jawowa, aiki yake yi. In kuma kana gani yana ƙawata ta ne yana sa yara sha'awa, ka daina karantawa, ka same shi ku biyu bayan sallar isha'i ka faɗa mishi da mutunci. Amma kada ka kai maganar majalisa.

TAMBAYA, daga wani tsohon malamin firamare a Runjin Sambo:

Malam sannu da ƙoƙari. Tun ina aiki nake rubuta 'yan labarai kan wani Malam Tanko, malamin makarantar ƙauye, da can a littafin rubutu nake yi ina karanta ma abokai, yanzu jikana yana saka mini a waya kuma mutane na so. To ni ne Malam Tanko, ban ɓoye ba. Matsalar yanzu duk abin da ya same ni na riga na ba shi, albashin da ba a biya ba, canjin wurin aiki, bin fansho, rasuwar uwargida. Na zauna in rubuta sai in ga maimaici nake. Ko lokaci ya yi da zan yi mishi jana'iza?

AMSA:

Baba Malam Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana, Allah shi jiƙan Hajiya shi sa ta huta. Ni ban ga dalilin jana'iza ba tukuna.

Abin da ya same ka ya samu Roth ɗin da na ba ɗiyarmu labari. Bayan ya gama juya Zuckerman ta kowace fuska, shahararshi, faɗanshi da dangi, ciwonshi, sai a littattafai ukku da sunka fito 1997 da 1998 da 2000 ya tsufar da shi, ya sa shi ya koma zaman kaɗaici bayan an yi mishi aiki a asibiti, ya daina zama abin labari ya koma mai saurare. Wani tsohon ɗan makarantarsu, wani tsohon malaminshi, wani maƙwabci, su ne masu labarin, shi nashi ya ji ya haɗa ya cike giɓi. Na 1997 ɗin shi ne ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka. Kuma in ka duba ai aikin Harisu ke nan tun farko, shi mai gani ne da ji.

To Malam Tanko ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane, ina yaran suke yanzu? Ka fiddo shi daga gida. Ka sa ya je karɓar fansho ya tarar wanda ke bayan tebur yaron da ya taɓa kora ne saboda rashin kuɗin littafi, ka bar yaron ya yi magana Malam Tanko ya yi shiru. Ka sa ya hau mota zuwa Illela ya zauna kusa da dillalin albasa da ya gane shi tun daga tasha yana ta "Malam ba ka shaida ni ba?", buhunan albasa na warin rana a bayansu, mutumin ya kwashe tun daga Kware har Gwadabawa yana ba shi labarin yadda ya bar aji huɗu da abin da ya biyo baya. Ka sa wata da anka cire daga ajinshi anka yi ma aure ta zo mishi da jikarta tana son a sa ta makaranta. Mutane sun riga sun yarda da Malam Tanko, sun san ba ya ƙarya, duk wanda ya zauna gabanshi za su saurare shi, wannan jari ne da sabon jarumi ba ya da shi.

Abu guda zan roƙa, shi ne wanda na roƙi ɗiyarmu ta Mabera. Tsofaffin ɗalibanka mutane ne masu rai da iyali, ka gauraya su, ka ɗauki hancin wanga ka haɗa da sana'ar wancan da garin wani, yadda babu wanda za a nuna a kasuwa a ce shi ne. Kuma cikin waɗanda za su zo ka bar ko guda ya zo da ƙorafi na gaskiya a kan Malam Tanko, bulalar da ya yi ba bisa hakki ba ko yaron da ya yi ma dariya gaban aji, kada ka ba Malam Tanko amsar da za ta wanke shi.

In kuma wata rana ka ji da gaske ya ishe ka, ba dole sai mutuwa ba. Hariri a muƙama ta hamsin tuba ya sa Abu Zaidi ya yi, ya koma garinsu ya lazimci masallaci, Harisu ya je ya gan shi sunka yi bankwana. Wani Ba'amurke Kurt Vonnegut shi kuma a 1973 shiga ya yi cikin littafin da kanshi ya ce ma nashi Kilgore Trout na 'yanta ka, amma ya sake dawo da shi har a littafinshi na 1997, don haka kada ka rufe ƙofar da ƙarfi. Ka fara da na dillalin albasar, in jikan ya buga shi ya turo mana ta lambar mujalla, in sha Allahu za mu sa shi a fitowa ta gaba.